Yarinyar Gidan Na'aman

Darasi na 11, domin samari da 'yan mata
Karatu: II Sarakuna 5:1-27, Luka 4:27
Ayar haddacewa: I Bitrus 3:15

Kafin a soma, shugaban aji ya sa a karanta surar dukanta da murya, kowa aya biyu biyu, har a kai ƙarshe. Kada a tsaya a aya ta 14 kamar yadda a kan yi, gama rabin koyarwar tana cikin abin da ya biyo baya.

Al'amarin nan ya faru wajen shekara 850 kafin haihuwar Ubangijinmu Yesu Kristi. A zamanin nan tsakanin Suriya da Isra'ila babu zaman lafiya sosai, ba kuwa kullum a ke yaƙi a fili ba. Hari a ke yi. Mahaya su kan ƙetare iyaka, su faɗa wa ƙauye, su kwashe abin da suka samu har da yara, su koma kafin a yi gangami. Kakanninmu sun san irin wannan zama. Waɗansunmu har yau suna iya nuna kogon dutsen da mutanen garinsu su kan ɓuya a ciki sa'ad da aka hango ƙurar dawaki. Waɗansunmu kuwa, abin baƙin ciki, ba labari suka ji ba, da idonsu suka gani cikin 'yan shekarun nan. A cikin irin wannan hari ne aka kamo wata ƙaramar yarinya daga ƙasar Isra'ila, aka kai ta gidan Na'aman sarkin yaƙin Suriya, ta zama baiwar matarsa.

Littafi Mai Tsarki bai faɗi sunanta ba, bai faɗi sunan ubanta ko na garinsu ba. Ayoyi uku kaɗai suka ambace ta, magana ɗaya tak aka rubuta daga bakinta. Ta ga maigidan yana fama da kuturta, sai ta gaya wa uwargijiyarta akwai annabi a Samariya, in maigida ya kai kansa wurinsa zai rabu da cutarsa. Shi ke nan. Daga nan ba mu ƙara jin ta ba. Amma a kan wannan 'yar magana sarki ya rubuta wa sarki takarda, ayari ya tashi daga Dimashƙu, mutumin da ya girma cikin sujada ga gunki ya koma gida yana shaida babu wani Allah cikin duniya duka sai Allah na Isra'ila.

Bari mu tsaya a kan maganar nan tata, gama akwai abubuwa a cikinta da mai gaggawa ba zai gani ba.

Ku tuna ko wane ne Na'aman a gare ta. Shi ne shugaban rundunar da ta raba ta da uwarta. In da ta ga fatarsa tana lalacewa ta ce a ranta, alhakina ne ya kama shi, wane ne a cikinmu zai ga laifinta? Yin shiru ma kawai ya ishe ta ramuwa, ba wanda zai sani. Amma ta so ya warke. Shaida daga nan ta kan soma. Wanda ba ka so masa alheri ba, ba za ka iya kai masa bishara ba, ko da ka haddace Littafi daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna. Za ka iya yi masa gardama, za ka iya kunyata shi a gaban jama'a, amma zai ji a muryarka ba ƙaunarsa ka ke yi ba. Mun san wannan magana tana da nauyi ga waɗansu da ke cikin ajin nan, waɗanda aka ƙone gidajensu, ko aka kashe nasu. Ba mu faɗe ta da wasa ba. Ubangijinmu da kansa ya umurce mu mu yi wa masu tsananta mana addu'a (Matta 5:44), shi ma ya yi haka yana bisa gicciye.

Sa'an nan ku duba Luka 4:27. A cikin majami'ar Nazarat Yesu ya faɗa wa mutanen garinsu cewa kutare suna da yawa a Isra'ila a zamanin Elisha, amma ba a tsarkake ko ɗaya a cikinsu ba sai Na'aman mutumin Suriya. Ashe yarinyar nan ba ta taɓa ganin Elisha ya warkar da kuturu ba, ba ta kuwa taɓa jin ya yi ba. To, daga ina ta sami gaba gaɗin faɗin haka a gidan da in maganarta ta zama ƙarya, ita za ta sha bulala? Ta san Allahn da Elisha ke yi wa hidima. Ta san shi ne ya raba teku, shi ne mai kashewa da rayarwa. Daga abin da ta sani ta ba da gaskiya ga abin da ba ta gani ba tukuna. Ku gwada ta da sarkin Isra'ila. Da takardar ta iso hannunsa sai ya kece tufafinsa, ya ce neman faɗa a ke yi da shi. Yana zaune a ƙasa ɗaya da annabin, amma bai ko tuna da shi ba, sai da Elisha ya aika masa. Baiwa a baƙuwar ƙasa ta fi sarki a gadon sarautarsa sanin inda taimako ya ke.

Akwai kuma abin mamaki na uku, watau an gaskata ta. Na'aman ya ɗauki azurfa talanti 10, wajen kilo 340 ke nan, da zinariya shekel 6,000, da riguna 10 na ado, ya kama hanya. Babban mutum ba ya ɗaura irin wannan kaya saboda maganar yarinyar da aka saba kamawa da ƙarya. Littafi bai ba mu labarin aikinta na yau da kullum ba, amma muna iya ganewa daga abin da ya faru. Uwargida ta daɗe tana lura da ita. Ta ga in an aike ta kasuwa canji ya kan dawo cif, in tulu ya fashe a hannunta ba ta kan ɗora wa wani ba. Ranar da ta buɗe baki a kan babban al'amari, ƙananan al'amura dubu sun riga sun tsaya mata shaida.

Ku 'yan'uwanmu matasa, da yawa a cikinku kuna zaune a gidan da ba naku ba. Wata an kawo ta daga ƙauye tana aikin gida a Jos, ko Kaduna, ko Abuja, ko Ikko. Wani yana koyon kanikanci ko ɗinki a hannun maigidan da ba mai bi ba ne. Waɗansu suna makarantar kwana, ɗaki ɗaya da yara na kowace kabila da kowane addini. Ku kan ce, mu yara ne, ba mu yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba, in aka yi mana tambaya mai wuya za mu ji kunya. Yarinyar nan ba ta yi wa'azi ba. Ba ta bayyana Attaura ba, ba ta zagi Rimmon gunkin Suriya ba. Ta ga wahalar mutum, ta nuna inda magani ya ke, ga wanda ya fi kusa da ita, cikin aikinta na kullum. Haka Andarawus ya yi sa'ad da ya sami Almasihu, ɗan'uwansa Siman ya fara nema. Haka Filibus ya yi da Natanayilu. Da Natanayilu ya raina Nazarat, Filibus bai tsaya jayayya ba, ya dai kira shi ya zo ya duba da idonsa (Yohanna 1:40-46). In abokinka ya rasa mahaifiyarsa, zauna tare da shi, ka tambaye shi ko ya yarda ka yi masa addu'a. In aka tambaye ki dalilin da ya sa kika ƙi karɓar amsar da a ke rarrabawa a ɗakin jarrabawa, ki faɗi dalilin a taƙaice, ba da fahariya ba. In aka yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce za ka tambayo fasto ka kawo amsa, ka kuwa kawo.

Ayar haddacewarmu ta koya mana mu zauna da shiri domin amsa wa mai tambaya dalilin begen da ke cikinmu, ta kuma ƙara da cewa a yi shi da tawali'u da ladabi. Mutane su kan riƙe rabin farko su yar da na biyu. Muna zaune da maƙwabta Musulmi, kasuwarmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya, waɗansunmu ma kaka ɗaya. Kada mai bin Yesu ya zagi addinin wani, ko littafinsa, ko wanda ya ke girmamawa, ko da baki ko a waya. Abin da ka rubuta a Facebook cikin fushi da tsakar dare, da safe ya riga ya kai inda ƙafarka ba ta taɓa zuwa ba, yana kuwa iya jawo wa garinku wutar da ba kai kaɗai za ta ci ba. Zagi ba ƙarfin hali ba ne. Ka faɗi abin da Yesu ya yi maka, ka saurari abin da maƙwabcinka zai faɗa kamar yadda ka ke so ya saurare ka, ka bar wa Ruhu Mai Tsarki aikinsa.

Ba mu ce wannan zai tsare ku daga kowace wahala ba. A ranar 19 ga Fabrairu 2018, 'yan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar garin Dapchi a ƙasar Yobe, yawancinsu 'ya'yan Musulmi. Bayan wata guda suka mai da waɗanda suka ragu da rai, amma suka riƙe yarinya ɗaya mai shekara 14, Kirista, domin ta ƙi musun Ubangijinta. Ba sai mun faɗi sunanta ba, kun san ta. Ba ta da fasto a kusa a ranar nan, ba ta da Littafi a hannu. Abin da ke cikin zuciyarta shi kaɗai ta tafi da shi.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi dukan sauran: yaushe yarinyar gidan Na'aman ta koyi abin da ta sani? Ba a Dimashƙu ba, gama babu mai koya mata a can. Tun tana gida ne, kafin ranar hari, wani ya zauna da ita ya ba ta labarin Allah na Ibrahim da ayyukansa. Mai koya matan bai san ranar rabuwa tana tafe ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Timotawus ma haka ya tashi a Listira. Bulus ya ambaci kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki da suna, ya kuma tuna masa tun yana ɗan yaro ya san littattafai masu tsarki (II Timotawus 1:5, 3:15). Sa'ad da Bulus ya zo neman abokin tafiya, ya tarar da saurayin da 'yan'uwa na gari biyu ke yabonsa.

Saboda haka almajiranci aikin tarawa ne, kamar yadda manomi ke cika rumbu da kaka. Wanda bai taɓa karanta Bishara ɗaya daga farko har ƙarshe ba, ya soma da Markus. Sura 16 ce, in ka karanta ɗaya kowace safiya, cikin mako biyu da kwana biyu ka gama. Ka haddace aya ɗaya kowane mako, ka faɗa wa ƙanenka da dare domin ta zauna. Ka nemi wani mai bi da ya girme ka, wanda ka ga halinsa ya yi daidai da bakinsa, ka roƙe shi ya riƙa tambayarka yadda tafiyarka ta ke. Yarinya ta nemi irin wannan a cikin Zumuntar Mata. In kana makarantar da a ke taron F.C.S., ƙungiyar ɗalibai Kirista da aka kafa tun 1957, kada ka tsaya a baya kana kallo. Ajin baftisma kuwa ba domin a sami kati a ke shigarsa ba. Mun ga waɗanda suka amsa tambayoyin dattawa sarai ranar gwaji, bayan wata uku ba su iya faɗin abin da ya sa Yesu ya mutu ba.

Littafin da ke hannunku ma yana da labari irin wannan a bayansa. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, daga ƙasar Damagaram, an kama shi bawa yana ƙarami, aka kai shi Barno. A can wani Bature matafiyi ya 'yanta shi. Ya bi Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da suna Abdulkarim, har Tambutu, daga baya ya tafi da shi Ingila a 1855. A can ya zauna da James Schön, wani mai aikin bishara Bajamushe da ke fama da koyon Hausa. Schön ya riƙa rubuta Hausa daga bakin saurayin nan, labarin rayuwarsa da tatsuniyoyinsa. A 1857 aka buga Bisharar Matta da Hausa. Sai a 1932 aka sami Littafi Mai Tsarki dukansa cikin harshen, bayan wahalar mutane da yawa. Dorugu ba mai wa'azi ba ne. Abin da ya ke da shi, watau harshen uwarsa, shi ya bayar, ga shi yau ikkilisiyoyi na kabilu da yawa suna sujada da shi.

Yanzu mu koma ga Na'aman. Da ya iso ƙofar Elisha da dawakai da karusai, annabin bai ko fito ba, manzo ya aika ya ce masa ya je ya yi wanka sau bakwai a Urdun. Na'aman ya husata, ya ce kogunan Dimashƙu, Abana da Farfar, sun fi dukan ruwayen Isra'ila. Ya juya zai tafi da cutarsa. Ku lura, barorinsa ne kuma suka lallashe shi, suka kira shi baba, suka nuna masa in da abu mai wuya aka sa shi da ya yi. Sau biyu ke nan ƙanana suka ceci babba cikin sura ɗaya. Da ya nutse na bakwai, Littafi ya kwatanta fatarsa da ta ƙaramin yaro. A cikin Ibrananci kalmomin nan kusan ɗaya ne da waɗanda aka kira yarinyar da su a aya ta 2. Sarkin yaƙi sai da ya zama kamar ƙaramar baiwarsa kafin ya tsarkaka.

A nan ya kamata mu faɗi wata magana a gefe. Kalmar da aka juya kuturta a cikin Tsohon Alkawari ta haɗa cututtukan fata iri iri. Kuturtar da muka sani kuwa yau tana da magani, tun 1995 kyauta a ke ba da shi. Wanda ya ga tabo a jikinsa da ba ya jin taɓawa, ya je asibiti da wuri. Nuna masa hanyar asibiti ma aikin yarinyar gidan Na'aman ne.

Na'aman ya tuba, amma bangaskiyarsa jaririya ce tukuna. Ya roƙi ƙasar Isra'ila kayan alfadari biyu, yana tsammani sai a kanta a ke iya yi wa Ubangiji hadaya. Ya kuma faɗi damuwarsa a fili: aikinsa zai sa ya riƙa raka sarki cikin haikalin Rimmon, sarki yana jingine a hannunsa, in sarki ya sunkuya shi ma sai ya sunkuya. Elisha bai tsawata masa ba, bai kuwa ɗora masa dokoki ɗari a rana ɗaya ba, ya sallame shi lafiya. In Allah ya ba ka abokin da ya soma bin Yesu, kada ka sa rai cikin mako guda zai zama kamarka, kai da aka haifa a cikin ikkilisiya. Wataƙila yana ƙarƙashin iyayen da ba su yarda ba, abincinsa da kuɗin makarantarsa a hannunsu su ke. Kada ka yi ta shelarsa a gari domin a yabe ka. Ka kai shi wurin fasto ko dattijo mai hankali, ka ci gaba da zama abokinsa.

Surar ta ƙare da wani saurayi dabam, Gehazi baran Elisha. Shi ba a raba shi da gida ba. Kullum yana tare da annabi, ya ga an ta da ɗan matar Shunem daga matattu. In da zama kusa da tsarkaka shi ne almajiranci, da babu kamarsa. Amma da ya ga maigidansa ya ƙi karɓar kyautar Na'aman, sai ya bi ayarin da gudu, ya ƙaga ƙarya da sunan Elisha, ya karɓo azurfa talanti 2 da riguna 2, ya ɓoye a gida, ya koma ya tsaya gaban maigidansa ya ce bai je ko'ina ba. Laifinsa ya wuce kwaɗayi. Elisha ya ƙi kuɗin ne domin Na'aman ya koma Suriya da sanin cewa alherin Allah ba na sayarwa ba ne, Gehazi kuwa ya ɓata wannan shaida. Ya nemi dukiyar Na'aman, ya samu, har da kuturtarsa. Wannan gargaɗi ne musamman ga 'ya'yan fastoci da na dattawa, da 'yan mawaƙa, da dukanmu da muka saba da gidan Allah har mun daina jin tsoronsa. Gargaɗi ne kuma a zamanin da waɗansu ke sayar da addu'a da mai da ruwa kamar kayan kasuwa, samari kuwa suna kallo suna koyo.

Ku iyaye da dattawa da ke zaune a ajin nan, matar Na'aman ta saurari yarinya, ta kai maganarta gaba. Da ta ce mata rufe baki, yaro bai san wuta ba sai ya taka, da mijinta ya mutu kuturu. A cikin ikkilisiyoyinmu da yawa aikin matasa shi ne share majami'a da jera kujeru, in ana shawara sai a ce su fita. Bulus ya gargaɗi Timotawus kada ya bar kowa ya raina ƙuruciyarsa (I Timotawus 4:12), wannan kuwa magana ce gare mu mu ma, masu rainawar. Ku ba su karatun Littafi a sujada, ku tafi da su gaisuwar marasa lafiya, ku bar su su yi kuskure a gabanku inda za ku iya gyara musu.

Domin tattaunawa, shugaba ya raba ajin uku uku ko huɗu huɗu. Kowa ya faɗi mutum ɗaya da ya ke gani kusan kowace rana wanda ke cikin wata wahala, ba lalle ya ambaci sunansa ba, ya kuma faɗi abin da zai iya yi masa ko gaya masa kafin Lahadi mai zuwa. Sa'an nan a tambayi juna: in yau aka raba ka da Littafinka da wayarka, aya nawa za ka iya faɗa da ka? Akwai wani hali naka da zai sa mutanen gidanku ko na wurin aikinku su ƙi gaskata maganarka? Wannan ta ƙarshe kowa ya amsa a zuciyarsa. A rufe da addu'a domin dukan yaran da ke hannun masu garkuwa da mutane, Kirista da Musulmi, da domin iyayensu, da kuma domin waɗanda suka kama su.

Mako mai zuwa za mu duba Daniyel da abokansa uku a makarantar sarkin Babila. Kowa ya karanta Daniyel sura ta 1 kafin ya zo.